Sulke da Harsashin da Ke Huda Shi

Duk wanda ya taɓa ganin hawan Salla ko hawan Gani a birnin Daura ya ga 'yan sulke da 'yan lifida cikin jerin dawakin Sarki, kwalkwali bisa kai, doki kuwa an lulluɓe shi har ba a ganin kome nasa sai idanu da ƙafafu. Yau ado ne, ba mai sa su don tsoron mashi. Amma kakanninmu da suka tanade su ransu suka danƙa musu. To, mene ne ya kore su daga fagen fama ya mai da su kayan biki? Amsar tana cikin wani ilmi wanda masana suka yi shekara fiye da 160 suna bincikensa, watau ilmin shirya harsashin da zai huda sulke. Muna so mu bayyana wa masu karatu tushen wannan ilmi, gama wanda ya gane abin da ke tsakanin kibiya da lifidi ya riga ya gane rabin abin da ke tsakanin igwa da tankar yaƙi.

Kayan Yaƙin Kakanninmu

Mutanen Daura sun daɗe da sanin darajar ƙarfe. Ko cikin labarin Bayajida, ba a kawo shi bakin rijiyar Kusugu ba sai da aka bi da shi ta Gaya, inda maƙera suka ƙera masa makamin da ya sare kan macijin da shi. Amma kayan tsare jiki daga baya suka shigo ƙasar Hausa. Littafin Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Daga baya kowace babbar fada ta sami 'yan lifidanta da shugabansu, su ne ke kewaye Sarki ran yaƙi.

Sulke riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe dubbai, kowane zobe an sarƙe shi da huɗu na kusa da shi. Mafi kyau su ne waɗanda aka ɗaure bakin kowane zobe da 'yar ƙusa. Da yawansu fatake ne suka ƙetaro Hamada da su daga Masar da ƙasashen gabas, shi ya sa ba mai iya mallakarsu sai sarakuna da manyan barade. In takobi ya sauka bisa sulke, kaifinsa kan zobba da yawa ya ke faɗawa gaba ɗaya, su kuwa su raba nauyin saran tsakaninsu, sai takobin ya zame. Amma abu mai siririn tsini zobe guda ya ke nema. In ya sami shiga cikinsa, sai ya yi ta buɗa shi har bakin zoben ya ɓalle.

Lifidi kuwa dabararsa dabam ce. Ƙyalle ne biyu aka cusa audugar rimi ko ta gona tsakaninsu, aka bi da ɗinki kusa da kusa. Ba shi da tauri ko kaɗan. Aikinsa shi ne ya karɓi kibiya ya riƙa shanye ƙarfinta, zare bayan zare, har ta tsaya tun ba ta kai ga fata ba. Wannan kuwa ya dace ƙwarai da irin kibiyarmu. Kibiyar Hausa ba ta da nauyi, jikinta kyauro ne, ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi, kanta ƙarfe ne mai kunnuwa, an shafe shi da dafin kwankwani. Maharbi ba ya bukatar ta shiga da zurfi, ta ƙwarzane mutum ma ya isa. Kunnuwan nan an yi su ne don kada ta zaru daga nama, amma su ne kuma ke sarƙewa cikin auduga. Ku lura da wannan, gama za mu sake gamuwa da shi: siffar da ta fi yin rauni a jiki dabam, wadda ta fi huda sulke dabam, kuma tilas mai ƙira ya zaɓi wadda ya ke nufi.

Duk da haka lifidi yana da nasa aibu. Ga nauyi, ga zafi, ga shi wuta na kama shi nan da nan, mai shi kuwa in ya faɗo daga doki ba ya iya tashi shi kaɗai. A Tabkin Kwatto, cikin 1804, rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta zo da barade masu lifida, jama'ar Shehu kuwa dawakinsu kaɗan ne ƙwarai, galibinsu 'yan baka ne, amma su suka ci nasara. Shekara guda bayan wannan Malam Ishaku ya ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa, zuriyarsa kuma daga baya suka zauna Zango da Baure. Cikin 1826 wani Bature matafiyi, Clapperton, ya bi rundunar Sarkin Musulmi Bello zuwa wani birnin Gobirawa da aka kewaye da yaƙi. Ya ba da labari ya ga 'yan lifida sun matsa kusa da ganuwa, kibau ba su yi musu kome ba, sai wani mai bindiga daga cikin gari ya harbi na gabansu, harsashi ya ratsa ƙirjinsa, ya faɗo. Sarakunan da suka fahimci abin da wannan ke nufi suka shiga tara bindigogi. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu cikin 1884, har igwa ya sa aka riƙa yi masa a birninsa, Zango da Baure kuwa suka zama ƙarƙashin ikon Damagaram.

Abu Huɗu da Ke Sa Huda

Me ya sa ɗan ƙwallon darma ya yi abin da kibiya ɗari suka kasa? Abu huɗu ne ke hukunta wannan al'amari, ko a hannun maƙerin ƙauye ko a babbar ma'aikatar Turai: tsini, da tauri, da nauyi, da sauri.

Na farko tsini. Ku danna fatar kirgi da babban yatsa iyakar ƙarfinku, ba za ku huda ta ba. Baduku kuwa da rabin wannan ƙarfi sai ya ratsa ta da basilla, domin ƙarfin nasa duka ya taru a wuri ɗaya wanda bai kai ƙwayar gero ba. Gwargwadon ƙanƙantar wurin da bugu ya sauka, gwargwadon wuyar da sulke zai sha wajen tare shi.

Na biyu tauri. Tilas abin da zai huda ya fi abin da za a huda tauri, in ba haka ba shi ne zai lotse. Darma tana da laushi, in ta bugi farantin ƙarfe sai ta baje kamar an jefa curin laka a bango. Amma tauri in ya yi yawa shi ma cuta ne. Kowane maƙeri ya san in ya tsoma bakin gatari cikin ruwa yana ja wur zai yi tauri, ya kuma san in taurin ya wuce kima bakin zai ɓare kamar tangaran ran da ya gamu da itacen ƙirya. Abin da a ke nema shi ne baki mai tauri da jiki mai jimiri.

Na uku nauyi, amma nauyin da ke bayan tsinin sosai. Dutse mai faɗi da asigiri, watau mashin nan da aka yi shi duka da ƙarfe, ko da nauyinsu ɗaya ne ba su huda daidai, gama nauyin asigiri duka a jere ya ke bayan bakinsa, yana tura shi gaba. Don haka a ke son abu dogo siriri, a ke kuma son ƙarfen da ƙaraminsa ke da nauyi. In muka gwada da ruwa, mudu da mudu, baƙin ƙarfe ya fi ruwa nauyi kusan sau 8, darma sau 11 da 'yan kai, wani ƙarfe kuwa da a ke kira tangistin ya fi shi sau 19.

Na huɗu sauri, shi ne kuwa babbansu. In an ninka nauyin harsashi biyu, ƙarfin bugunsa ya ninku biyu. Amma in saurinsa aka ninka biyu, ƙarfin sau huɗu zai ninku, in sau uku aka ninka, sau tara. Kibiya ba ta cika wuce ƙafa 200 cikin sakan ɗaya ba. Harsashin bindigar da a ke ɗurawa ta baki yakan yi wajen ƙafa 1,000, watau ninki biyar, ƙarfin da sauri ya ba shi kuwa ninki 25 ke nan. Audugar da aka cusa don tsai da kibiya ina za ta iya da wannan? Cikin 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya gano albarushi marar hayaƙi, aka kuma koyi sa wa darma riga ta ƙarfe don kada ta narke ta manne cikin bututun bindiga. Bindigogin da sojan Turawa suka zo da su Kano da Sakkwato cikin 1903 harsashinsu na tafiya wajen ƙafa 2,000 cikin sakan, bindiga mai ruwa kuwa tana zuba ɗari biyar ko fi cikin minti guda. Tun daga ran nan sulke da lifidi suka bar fagen yaƙi a ƙasarmu.

Gasar Jiragen Ruwa

Sa'ad da sulken mutum ke mutuwa, wani sabon sulke na tasowa a teku. Cikin 1859 Faransa ta saki jirgin yaƙi mai suna Gloire wanda aka lulluɓe jikinsa da farantan ƙarfe. Shekara guda bayan nan Ingila ta saki Warrior, mai ƙarfe inci 4½, da katako inci 18 a bayansa. Ran 9 ga Maris 1862, cikin yaƙin basasan Amurka, jirage biyu masu sulke, Monitor da Virginia, suka yi sa'o'i suna harbin juna kusa da kusa, ƙwallayen igwa na bugu suna tsalle, ba wanda ya nutsar da ɗan'uwansa. Sai hankalin masu ƙira ya koma ga harsashi.

Wani hafsan Ingila, William Palliser, ya yi dabarar da maƙeranmu za su gane nan take. Ya zuba narkakken ƙarfe cikin mazubi wanda wajen bakinsa na ƙarfe ne mai sanyi, bakin harsashin ya huce da sauri ya yi tauri, gindinsa kuwa ya huce sannu. Aka karɓi wannan harsashi cikin 1867, ya kuwa huda farantan zamaninsa. Masu sulke suka rama. Wajen 1890 Harvey a Amurka, sa'an nan ma'aikatar Krupp a Jamus, suka gano yadda za a taurara fuskar faranti a bar bayansa da jimiri. Harsashi in ya bugi irin wannan fuska sai tsininsa ya farfashe tun bai fara aiki ba.

Maganin wannan abin mamaki ne. Cikin 1893 wani shugaban jiragen yaƙin Rasha, Makarov, ya ba da shawara a sa wa harsashi hula ta ƙarfe mai laushi bisa tsininsa. Mutum zai ce ai wannan dakushe shi ne. Amma akwai wani gwaji da a kan nuna wa 'yan makaranta wanda ke bayyana shi. In an ɗora allura bisa kwabon jan ƙarfe aka buga da guduma, karyewa za ta yi. In kuwa aka soka ta cikin toshiyar kwalba tukuna, har tsininta ya leƙo ta ƙasa kaɗan, sa'an nan aka buga, sai ta huda kwabon, domin toshiyar ta riƙe ta ta kowane gefe. Haka hular nan ke rungume tsinin harsashi a lokacin bugu na fari, ta karɓi girgizar, ta kuma fara raunana fuskar faranti. Da aka ga hular na tare iska, sai aka ƙara wata a bisanta, marar kauri, mai dogon baki, wadda ba ta da aiki sai tsaga iska. Cikin harsashin kuma aka sa albarushi kaɗan wanda ba ya tashi sai bayan ya shige.

Kuskure kaɗan cikin wannan lissafi yakan jawo babbar hasara. A yaƙin teku na Jutland, ran 31 ga Mayu 1916, harsasan Ingila da yawa da suka bugi jiragen Jamus a karkace sun fashe a waje ba su shiga ba. Sai da aka sake ƙirarsu, sababbin ba su kai ga jirage ba sai 1918.

Tankar Yaƙi da Komowar Kibiya

A tudu kuwa, ran 15 ga Satumba 1916 Ingilishi suka fara shigo da tankar yaƙi fagen fama a Faransa. Kaurin ƙarfenta bai wuce rabin inci ba, amma ya isa tsai da harsashin darma. Jamusawa suna da wani harsashin bindiga wanda aka sa wa zuciya ta ƙarfe mai tauri cikin rigarsa. In ya bugi faranti, rigar da darmar su baje a waje, zuciyar ta wuce ciki. Wannan shi ne asalin ƙirar ƙaramin harsashi mai huda sulke har wa yau. Ingilishi suka kyautata ƙarfen tankarsu cikin 1917, Jamusawa kuma cikin 1918 suka fito da wata doguwar bindiga mai bakin rabin inci musamman dominta.

Cikin yaƙin duniya na biyu gasar ta yi tsanani. Rasha ta fito da tanka T-34 cikin 1940, ƙarfen gabanta bai kai inci 2 ba, amma an kwantar da shi a jirkice. Ku yanka rogo a miƙe, sa'an nan ku yanka a karkace, za ku ga wuƙa ta fi yin tafiya a yanka na biyu. Haka jirkicewar nan ta ninka tafiyar da harsashi zai yi cikin ƙarfe har biyu, ban da cewa sau da yawa zamewa ya ke yi. Jamus kuma cikin 1942 ta fito da Tiger, mai ƙarfen gaba inci 4.

Nan masu igwa suka gamu da wata matsala. Don a sami sauri ana son harsashi mai faɗin gindi, yadda albarushi zai sami wurin turawa. Don a sami huda kuwa ana son siriri. Yaya za a haɗa biyun? Sai aka ɗauki siririyar zuciya ta tangistin aka sa ta cikin wani kwasfa marar nauyi wanda ya cika bakin igwa. Da fitarsu sai kwasfan ya rabu ya zube, zuciyar ta wuce ita kaɗai da saurin duka. Faransawa suna kiran kwasfan nan da sunan takalmin katako irin na manomansu. Sojan Ingila suka fara aiki da shi cikin 1944, saurinsa ya kusa ƙafa 4,000 cikin sakan.

Da aka ci gaba da ƙara wa zuciyar tsawo, sai wata matsala ta ɓullo. Harsashi na tafiya sak ne domin zanen da ke cikin bututu yana sa shi juyi kamar katantanwar yara. Amma abu in ya yi tsawo ƙwarai juyi ba ya iya daidaita shi. Sai aka sa masa fukafukai a gindi, aka kuma yi igwa mai sulɓin ciki. Rasha ce ta fara sa irinta bisa tanka cikin 1961. Ashe kun ga an koma ga kibiya ke nan, sai dai ta ƙarfe ce, tana tafiya wajen mil guda cikin sakan ɗaya, ba ta kuwa ɗauke da albarushi ko kaɗan, ƙarfin gudu kaɗai ke yi mata aiki. Maharban giwa na ƙasarmu sun riga sun yi wannan tunani tun da, gama da suka ga darma ba ta isa fatar giwa ba, sai suka riƙa ɗura sango cikin bindiga, watau gajeren mashi mai dafi, suna harbawa.

Ƙarafan da wannan aiki ke bukata ba ko'ina a ke samunsu ba. Jamus ta dogara ga tangistin na Fotugal da Sifen, da ya yi mata ƙaranci sai ta rage yin harsashi da shi, ta bar wa injunan ma'aikatu. Mu ma muna da dutsensa, ana samunsa tare da kuza a duwatsun Ririwai, kudancin ƙasar Kano. Amurka kuwa ta yi aiki da ragowar yuraniyam, irin ƙarfen nan da a ke haƙa a Arlit ta ƙasar Nijar tun 1971, gama nauyinsa ya kusa na tangistin. An harba shi da yawa a Iraƙi cikin 1991, har yanzu kuma ana gardama bisa cutar da ƙurarsa ke yi wa mutanen da ke zaune inda aka yi yaƙin.

Hudar da Ba Ta Bukatar Gudu

Akwai wata hanya ta dabam. Cikin 1888 wani masani a Amurka, Charles Munroe, ya tashi curin nakiya bisa farantin ƙarfe, a jikin curin kuwa akwai haruffa da aka danna. Da ƙura ta lafa sai ya ga haruffan sun fito a jikin farantin. Ya gane rami cikin nakiya yana tara ƙarfinta wuri guda. Daga baya aka gano in an shimfiɗa ƙarfe cikin ramin, fashewar na matse shi ya zama siririn tsinke mai gudun mil da yawa cikin sakan, ya ratsa faranti mai kauri. Wannan ma tsini ne da sauri, sai dai ba a ƙera tsinin ba sai a lokacin bugu.

Tun da ba ya bukatar doguwar igwa mai nauyi, dakare guda na iya ɗaukarsa a kafaɗa. Amurka ta ba sojanta irinsa cikin 1942, Jamus cikin 1943, Rasha kuma ta fito da RPG-7 cikin 1961. Cikin Oktoba 1973 dakarun Masar da irin waɗannan makamai suka lalata tankokin Isra'ila da yawa a Sina'i. A yaƙin Yukren tun 2022 an ga ƙananan jirage marasa matuƙi suna sako su bisa rufin tanka, inda ƙarfe ya fi rashin kauri. Labarin Tabkin Kwatto ne ya komo: barde da kaya masu tsada, dakare da makami mai araha. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

Masu sulke ba su zauna ba. A Chobham ta Ingila, cikin shekarun 1960, aka shiga yin sulke hawa hawa, ƙarfe da tangaran mai tauri da waɗansu abubuwa, kowane hawa na karya harsashi ko karkatar da shi. Cikin 1982 aka ga tankoki a Labanan an jera musu akwatuna masu fashewa waje in an buge su, don su wargaza tsinken nan. Amma kowane ƙari nauyi ne. Manyan tankokin yau sun wuce tan 60, ba kowace gada ke ɗaukarsu ba, ba kuwa shi yiwuwa a yi musu kauri ta kowane gefe. Abin da ya dami dokin lifidi shi ke damunsu.

Lifidi Ya Komo, Ƙasa Ba Ta Tafi Ba

Cikin 1965 wata masaniya a kamfanin DuPont na Amurka, Stephanie Kwolek, ta gano wani zare mai ƙarfin gaske wanda aka sa wa suna Kevlar. Da shi a ke saƙa rigar da sojoji da 'yan sanda ke sawa yanzu, ƙyalle bisa ƙyalle, tana kama harsashi kamar yadda auduga ke kama kibiya. Lifidi ne sak, zaren kaɗai ya sake. Iyakarta kuwa irin ta lifidi ce: tana tsai da harsashin ƙaramar bindiga da ɓarɓashin bam, amma harsashin doguwar bindigar soja na ratsa ta. Sai an sa farantin tangaran a gaba, ya karya tsinin, sa'an nan ƙyallen ya kama gutsattsarin.

Akwai kuma wani sulke da muke takawa kullum ba mu kula ba, watau ƙasa. Ran 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya kafa igwoginsa gaban ganuwar Kano, wadda Lugard ya ce tsawonta ƙafa 30 zuwa 50 ne, kaurin gindinta ƙafa 40. Harsasai suka yi ta nutsewa cikinta ba su yi mata wani abin kirki ba, sai da aka koma ga ƙofa aka fasa ƙyaurenta sa'an nan aka shiga. Ƙasa ba ta da tauri kamar ƙarfe, amma tana da kauri da nauyi, kowace ƙwayar yashi kuma tana karɓar rabonta na ƙarfin harsashi. Don haka har yau soja in ya sauka wuri, buhunan yashi ya ke fara jerawa.

Wannan ilmi yana da amfani ga wanda bai taɓa riƙe bindiga ba, balle a shekarun nan da 'yan bindiga suka dami waɗansu sassan Jihar Katsina. Mutane da yawa suna tsammani kowane ƙarfe kariya ne. Ƙofar mota, da kwanon rufi, da ƙyauren langalanga, duka harsashin doguwar bindiga na ratsa su kamar takarda, bulon siminti mai rami a ciki ma ba abin dogara ba ne. Abin da ke ɓoye mutum daga ido ba lalle ne ya tsare shi daga harsashi ba. In harbi ya tashi, kwanciya ƙasa cikin kwari, ko bayan tudu, ko gindin tsohuwar katangar tubali mai kauri irin ta gidajen kakanninmu, ya fi tsayawa bayan ƙarfe marar kauri nesa ba kusa ba.

Tun daga Kanajeji zuwa yau shekara ɗari shida ke nan da 'yan kai, ba a taɓa yin sulken da ya daɗe ba a sami abin huda shi ba. Wanda lifidi ya yi wa aiki shekaru ɗari huɗu, farantin jirgin Warrior bai yi goma ba, na tankar farko ko shekara guda bai cika ba. Ku da za ku fita ku koyar da yara, in kun zo darasin nauyi da sauri, ga allura da toshiyar kwalba, ga basillar baduku, ga maƙerin gari da ruwan da ya ke tsoma gatari. Da su kaɗai za ku iya nuna wa aji duk abu huɗun nan da muka lissafa.